'Yata ta ce gimbiya ba ta zama baƙa: wane littafi zan nema, kuma yaya zan sa su so karatu?

Wata 'yar'uwa ce ta aiko da tambaya daga nan Amurka. Yaranta uku, babbar mace shekara 6, mai bi mata namiji shekara 4, sai na goye. Ranar nan babbar tana zana hoton kanta sai ta ɗauki fensir mai kalar fatar Turawa ta shafe fuskar da shi, gashin kuma ta yi shi dogo rawaya har gadon baya. Da uwar ta tambaye ta dalili sai tace ai gimbiya ba ta zama baƙa. Ga shi kuma yaran ba ruwansu da littafi, kullum suna kan tabilet. Tana so ta san irin littattafan da za ta nema, da yadda za a yi karatu ya shiga gidan.

Wa alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya raya mana su. Ki fara kwantar da hankalinki tukuna, dan na san irin abin da ya tokare miki ƙirji da kika ji maganar nan. Na fi shekara goma ina aiki a sashen yara na laburaren gwamnati a jihar Ohio, kuma wallahi wannan labarin na ji shi daga bakin 'yan Somaliya, na ji daga 'yan Senegal da Gana, har wata 'yar Meziko ta taɓa tsayawa gaban teburina tana share hawaye a kan kusan irin wannan maganar. Yarinyarki ba ƙin ki take ba, ba kuma ƙin kanta take ba. Lissafi tayi. Yaro ɗan shekara 6 duk abin da ya gani ƙirgawa yake ko da bai sani ba, ta ga gimbiya ashirin a katun da littafi da jakar makaranta da kofin shan ruwa, duk kusan kala ɗaya, sai ta faɗa miki sakamakon da ta samu. In kina so amsar ta canza sai abin da take ƙirgawa ya canza, faɗa ko wa'azi ba za su yi ba.

Kuma ba yau abin ya fara ba. A 1965 wata malama, Nancy Larrick, ta bi littattafan yara 5,206 da aka buga a ƙasar nan daga 1962 zuwa 1964, ta tarar 349 ne kawai suke da ko da baƙin mutum ɗaya a ciki, wato ko kashi 7 cikin 100 bai cika ba. A 1985 wata cibiya a Jami'ar Wisconsin da ake kira CCBC ta fara ƙirga duk shekara, a shekarar farko cikin littattafai wajen 2,500 guda 18 ne kacal baƙar fata suka rubuta ko suka zana. Ƙidayarsu ta 2018 ita ce ta fi ba ni dariya da takaici a haɗe: rabin littattafan a kan fararen yara ne, kashi 27 a kan dabbobi da motoci da irin su, kashi 10 baƙar fata, 7 'yan Asiya, 5 'yan Latin, 1 jajayen Indiyawa 'yan asalin ƙasar. Ki tara na huɗun ƙarshe ki gani, zomo da beyar da jirgin ƙasa mai magana sun fi su duka yawa. A Ingila ma da aka duba na 2017, cikin littattafai sama da 9,000 kashi 1 ne kawai jarumin labarin ba Bature ba ne, alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan firamarensu ba Turawa ba ne. Gaskiya yanzu an samu sauƙi sosai, tun daga yunƙurin We Need Diverse Books na 2014, mai neman a saka yara kowane iri a littafi, masu buga littafi suka farka, sai dai tsofaffin nan ba su je ko'ina ba, su ne cike da kantar aji, su ne a shagon gwanjo, su ne maƙwabta ke ba ki kyauta a kwali in yaransu sun girma.

Akwai wata farfesa da ta koyar a Jami'ar Ohio State, Rudine Sims Bishop, duk wanda ya yi irin aikinmu ya san maganar da ta rubuta a 1990. Ta kwatanta littafi da madubi da taga da kuma ƙofar gilas mai zugewa. Wani littafin yaro zai leƙa ya ga kansa, wani ya hango rayuwar wasu, wani kuma ya zuge ya shiga ciki gaba ɗaya. Ɗan Bature ya tashi cikin ɗaki mai madubi ta ko'ina, namu kuma tagogi ne birjik madubin babu. To madubin za ki nemo mata. Amma a nan ne iyaye suke yin kuskuren da nake so in daɗe a kai, dan shi ne ya fi ɓata lamarin.

Uwa ta ji irin maganar da kika ji, hankalinta ya tashi, a daren ta hau intanet ta yi odar littattafai biyar, duk kansu ɗaya: ki so fatarki, ki so gashinki, an yi bauta, an yi wariya, wance ta ƙi tashi daga kujerar bas. Ta zaunar da yarinya ta karanta mata da wata irin murya ta jaje, tana gamawa tace kin gani ko, baƙi ma kyau ne da shi. Yarinya ba wawuya ba ce. Abin da ta fahimta shi ne duk littafin da ke da mai kama da ita akwai wata matsala a ciki, ana lallashinta ne a kan wani abu. Farar yarinya a littafi tana zuwa duniyar wata, tana kiwon kare, tana rigima da ƙaninta a kan kek, baƙa kuma aikinta kullum shan wahala da haƙuri. Dama makaranta na yin nata a watan Fabrairu, watan tarihin baƙar fata, nan ma yawanci bauta ce da gwagwarmaya, watan na wucewa a kwashe littattafan a mayar kwali. Ban ce kar ta san tarihin nan ba, dole ta sani, ƙasar da take rayuwa kenan kuma mutanen nan su suka share mana hanyar da muka shigo. Amma ba magani ba ne da za ki matse mata hanci ki ɗura. A nawa ganin, in kin ɗauko littafi goma, bakwai ko takwas su zama labari ne kawai mai daɗi wanda jarumin baƙi ne kuma ba wanda ya tsaya yin bayanin hakan. Yarinya ta ɓatar da takalminta, yaro na tsoron aski, wata ta ƙera jirgi da kwali, an tafi kasuwa jariri na ta karɓar kyauta a bayan uwarsa ita ba ta sani ba. Misali mafi tsufa shi ne The Snowy Day na Ezra Jack Keats da ya fito a 1962, ba komai a ciki sai wani ɗan baƙin yaro mai jar riga da ya fita wasa cikin dusar ƙanƙara ya saka dunƙule ɗaya a aljihu ya narke. Shi kenan labarin. Sama da shekara sittin yara na son shi, ni kaina kwafi nawa na canza saboda yagewa.

In kin ɗauki littafi a hannu kafin ki kai gida, ki ɗan buɗe ki duba abu biyu uku. Waye yake warware matsalar labarin, yaron ne ko sai wani farin malami ko maƙwabci ya zo ya cece shi? Baƙin yaron shi ne mai labarin ko dai abokin jarumi ne da aka liƙa a gefen shafi dan a ce an saka? Ki kalli zanen da kyau, wasu masu zanen fuskar Bature suke zanawa su shafa mata ruwan ƙasa, ba hancinmu ba gashinmu. Mai zanen da ya san mu za ki ga kitso na gaske, za ki ga a gida ɗaya wani ya fi wani duhu kamar yadda yake a gidajenmu. Sai kuma na Afirka, tab, nan ne nake yawan jin haushi. Da kin ga bango da faɗuwar rana ja da bishiya ɗaya da raƙumin dawa, kuma an rubuta wani ƙauye a Afirka ba sunan ƙasa ba sunan gari, ki ajiye. Irin su ne ke sa 'yan ajinsu su tambaye su ko zaki na shigowa gidan kakarsu, alhali kakar na Kano ko Maradi tana fama da cunkoson adaidaita. Ki nemi littattafan Atinuke, marubuciya 'yar Najeriya, jerin Anna Hibiscus ya dace da mai shekara 6 ɗin nan, gidan gandu ne a babban birni cike da kakanni da gwaggonni da 'yan uwa, za ta gane gidan. In kuma kina sauri, ki duba tambarin kyauta a bango. Akwai ta Coretta Scott King da aka fara bayarwa a 1970 ga marubuta da masu zane baƙar fata, akwai ta Pura Belpré ta 'yan Latin tun 1996, akwai kuma Children's Africana Book Awards wadda masana Afirka ne ke tantance littafin, su suna kama irin kurakuran da na faɗa. Jerin waɗanda suka ci duk yana intanet kyauta.

Yaranmu kuma nasu ya ninka, dan abu uku suke ɗauke da shi, baƙi ne, 'yan Afirka ne, yawancinmu kuma Musulmi. Sai ki ga littafin baƙar fata ya ƙare a coci ranar Lahadi, littafin Musulmi kuma kowa a ciki Balarabe ne ko ɗan Pakistan, yarinya ta rasa inda za ta tsaya. Shi ya sa nake yawan miƙa wa iyaye littattafan Jamilah Thompkins-Bigelow, baƙar Musulma ce 'yar ƙasar nan, tana da ɗaya kan yarinya mai wasa da mayafan uwarta, tana da wani kan yarinyar da malama ta kasa faɗin sunanta a ranar farko, wanda duk mai suna irin namu ya san zafin wannan. Ibtihaj Muhammad ma, wadda ta yi wa Amurka wasan takobi da hijabinta a Olamfik na 2016, tana da The Proudest Blue.

Kar kuma ki rufe tagogin. Ki haɗa da labarin ɗan Meziko da 'yar Indiya da ɗan Sin da 'yan asalin ƙasar nan, dan da su suke zama a aji, kuma mu faɗi gaskiya mu ma muna da namu maganganun a kan mutane da muke yi a falo yara na ji. Gimbiyoyinta farare ma kar ki kwashe ki zubar, in kika yi haka sun zama abin marmari kenan. Ki bar su, ki dai cika musu wuri da wasu.

Yanzu bari in taɓo inda ba a so. Littafi ɗari ba zai gyara abin da baki ke ɓatawa a gida ba. Nawa ne a cikinmu in an yi haihuwa abin da ake fara dubawa kunnen jariri ne a ga ko zai yi duhu? A kira bidiyo daga gida gwaggo tace kai wannan ta fi yayarta haske masha Allah, yayar na tsaye tana ji. Mu ne masu cewa fara ko mayya ce, mu ne man bilicin ke kan madubinmu, fim ɗin Indiya da na Hausa da muke kunnawa jarumar kullum fara sol. Ranar kitso kuma ana ja ana tsaki ana wannan gashi naki mai taurin tsiya. Ban ce ke kina yi ba 'yar'uwa, ban san gidanki ba, amma ki saurara na sati ɗaya ki ji me ake faɗa, in kin ji ki tare shi a wurin cikin raha, ko da daga bakin surukarki ne. 'Yar fim Lupita Nyong'o ta rubuta Sulwe a 2019 a kan wannan ciwon na cikin gida, yarinyar da ta fi kowa duhu a gidansu. Shi yana cikin masu kama da magani ɗin da nace, amma guda ɗaya irin shi a cikin kwando ba laifi, musamman in kin lura ana gwada ta da wani.

To sai maganar yadda karatun zai shiga gida, kuma a nan ina ganin harshenmu ma yana da hannu. Mu in aka ce karatu, abin da ke zuwa ranmu allo ne da hadda da jarabawa da malam riƙe da bulala. Zo ki yi karatu a kunnen yaro daidai yake da zo ki sha wuya. Abin da nake so ki fara ba wannan ba ne, hira ce, irin wadda kakanninmu ke yi mana a tsakar gida bayan an ci tuwon dare, bambancin kawai wannan da hoto. Dan haka kar ma ki kira shi karatu, kice ku zo ku ji labari. Ki zaɓi lokaci ɗaya da ba ya canzawa, mu a gidana bayan isha'i ne in an yi brush, lokacin zafi da isha'i ke kaiwa dare sosai sai mu dawo da shi bayan cin abinci, minti goma zuwa sha biyar ya isa, amma kullum. Na goyen a cinya, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Kar kice jaririn bai san komai ba, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2014 ta ce a fara karanta wa yaro tun yana jariri, shi muryarki yake sha, in ya cusa littafin a baki ki ba shi mai bangon kwali mai kauri ya ci abinsa.

Ke za ki karanta, ba ita ba. Wannan yana da muhimmanci ga mai shekara 6 ɗin, dan yanzu ne take koyon haɗa baƙi a makaranta, in kika mayar da daren wani aji na biyu kina a'a ba haka ba ne sake faɗa, kin kashe abin. Aikin gida da malama ta bayar a yi shi da rana daban. Na dare nata kawai ta jingina ta ji daɗi, in ta ga dama ta karɓi layi ɗaya ki bar ta. Ki riƙa tsayawa kina tambaya irin ta hira, kai me kike gani zai faru, kin ga fuskarsa kuwa me ya same shi, wannan ba ta yi kama da Inna ba? Ki canza murya, ki yi kukan akuya in akwai akuya, ba mai ganinki. In namijin ya tashi yana zagaya ɗaki ki ci gaba, kunnensa na wurin. Kuma za su maƙale wa littafi ɗaya su ce shi za a karanta yau da gobe da jibi har ki haddace ki gaji, ki daure, ta haka kalmomin ke zama.

Iyaye da yawa suna ce min Turancinsu ba shi da kyau, yaran na musu dariya in sun karanta. Ki bar su su yi dariyar, su gyara miki, yaro na son ya ga ya fi babba a wani abu. Ko kuma ki rufe rubutun da hannu ki ba da labarin hoton da Hausa tsantsa, babu dokar da ta hana. Yaron da ya ƙoshi da labari a harshen gida ba ya rasa komai a Turanci, Turancin nan ko kin so ko kin ƙi zai same su, Hausar ce mai gudu.

Maigidan fa? Dan Allah a saka shi a ciki, musamman saboda namijin. Yaran nan maza da wuri suke yanke hukuncin cewa littafi harkar mata ce, dan malamar aji mace, ta laburare mace, mai karantawa a gida mace. Na san yadda aikin ƙasar nan yake, wani dare yake kwana a sito, wani yana kan titi da mota har asuba. To ko sau ɗaya a sati, ranar hutunsa, dare nasa ne. In ma ba zai samu ba ya ɗauki muryarsa a waya yana karanta littafin, yana cewa juya shafi, a kunna musu suna bi. Akwai wani baƙin malami, Alvin Irby, da ya fara ajiye littattafan yara a shagunan aski a Harlem saboda wannan dalilin, yaro ya ga littafi a wurin da maza suke. Ku kanku kuma sai sun gan ku da littafi a hannu, in abin da suke gani kullum Mama da waya Baba da waya, kar a yi mamaki in sun riƙe tabilet.

Shi tabilet ɗin ban ba ki shawarar yaƙi da shi gaba da gaba ba, za ki sha kaye. Ki dai hana shi wurare biyu, ɗakin kwana da mota, ki ajiye kwandon littafi a wuraren. Kwando a ƙasa inda hannunsu ke kaiwa, bangon na kallon sama, ba kanta mai tsawo da aka jera dan ado ba. Biyu a jakarki saboda zaman jiran likita. Gajiya da zaman banza ita ke kai yaro ga littafi, in ba abin dannawa zai jawo kwandon da kansa.

Batun kuɗi kuma, kar ki sayi littafi yanzu. Littafin hoto mai bango mai tauri yana kaiwa dala 18 zuwa 20, ki saya ki kawo yaro ya ƙi shi. Katin laburare kyauta ne, abin da aka fi tambaya shaida ce mai hoto da takardar da ke nuna adireshinki, kowane yaro ma a yi masa nasa da sunansa, kin ga yadda suke ji da katin nan kuwa. Laburare da yawa sun daina cin tarar jinkiri, Chicago tun 2019, New York a 2021, ki tambayi naku. Ki tafi da babbar jaka ku ɗebo ashirin, su zaɓi rabi ke ki zaɓi rabi, kuma duk abin da suka ɗauko kar ki yatsina fuska ko da na motar kwasar shara ne karo na biyar. In littafin da kike nema babu, kice a aro miki daga wani reshe, ko ki cike takardar neman a saya, muna dubawa kuma muna saya, ni har daɗi nake ji in uwa ta zo da jerin sunaye dan shi ne hujjar da nake kai wa masu kasafi. Ki zo teburin kawai kice ina neman labarai masu ban dariya da baƙaƙen yara a ciki na 'yar shekara 6, ba abin kunya ba ne, aikin da ake biyanmu kenan. Ƙananan biyun kuma ki duba ko unguwarku na cikin shirin Imagination Library na mawaƙiya Dolly Parton, tun 1995 suke aiko wa yaro littafi ɗaya kyauta ta gidan waya duk wata daga haihuwa har ya cika shekara 5, a nan Ohio duk ƙananan hukumomi 88 suna ciki. Asibitocin yara da yawa ma suna ba da littafi a ranar awo ta shirin Reach Out and Read, in ba a ba ki ba ki tambaya.

Na Hausa su ne masu wuyar samu a nan, ba zan ɓoye miki ba. Amma African Storybook da StoryWeaver duk suna da labaran yara da Hausa kyauta, ana saukewa a buga a takarda, har a laburare za ki iya bugawa da 'yan sulalla. Ki fara karantawa ke kaɗai tukuna dan wasu fassarar tasu sai a hankali, in kin ga Hausar ta karkace ki gyara da biro. Magana Jari Ce ki sa a taho miki da shi amma ki ajiye sai sun ƙara girma, kuma ke za ki riƙa karantawa kina warware musu, Hausar Abubakar Imam ta fi ƙarfin yaron da aka haifa a nan. Kafin nan ga tatsuniya, wadda ba ta buƙatar odar komai. Ga ta nan ga ta nanku, ki koya musu su ce ta zo mu ji ta. In kakarsu na da rai ki roƙe ta ta riƙa aiko da Gizo da Ƙoƙi ta saƙon murya a WhatsApp, ki adana su da kyau, wata rana za ki gode min. Za ma ki ga abin mamaki, a laburare akwai littattafan Anansi, gizo-gizon mutanen Akan na Gana wanda bayi suka tsallaka da labarinsa har Jamaika, ranar da yarana suka gane ɗan uwan Gizonmu ne mai wayon tsiya sai da muka kwashe duk na kantar. Wani abin da ke aiki sosai kuma, ki wanke hotunan Sallah ko na zuwanku gida guda goma, ki manna a littafin rubutu, ita ta faɗi abin da za a rubuta a ƙarƙashin kowanne ke ki rubuta. Madubin da ya fi wannan babu shi a kasuwa.

Ita kuma maganar gimbiyar, kar ki tayar da ita da faɗa, kar kuma ki nuna mata ta ɓata miki rai, in ba haka ba gobe ba za ta sake faɗa miki abin da ke ranta ba. Disney sai 2009 suka yi baƙar gimbiya ta farko, ita ma fiye da rabin fim ɗin a kwaɗo ta yi shi, to ina laifin yarinya. Ke kuwa daga ƙasar sarauta kika fito. Wani dare ki ba ta labarin Sarauniya Amina ta Zazzau da ganuwowinta, wani daren Daurama da rijiyar Kusugu, wani Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo da ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa ta kuma tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna koyar da mata, ko Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa sojojin Faransa a 1899. Ki nuna mata bidiyon hawan Sallah, ki nuna mata amarya 'yar sarauta cikin alkyabba, ki ɗaura mata ɗankwalinki mai kyau ta tsaya gaban madubi. Ba sai kin ce kin gani ko ba.

Sai fensirin. Ki duba kwalin kalolinta, zai yiwu ruwan ƙasa ɗaya ne tak a ciki kuma irin na itace ne ko laka, wanda ba yaron da zai so ya shafa wa fuskarsa. Kalar da ta ɗauka ɗin nan, har 1962 sunanta kalar fata a kwalin Crayola kafin su canza, kuma har yau za ki ji yara a aji suna kiran ta haka. Kamfanin ya fitar da wani kwali a 2020, Colors of the World, kala 24 na fatar mutane daga mai haske har mai duhu sosai, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Shi kaɗai ne abin da zan ce ki saya a satin nan. Ki zube su a tebur, ki ɗora hannunki a takarda kina gwadawa ɗaya bayan ɗaya kina neman wadda ta dace da ke, kice ta taya ki nema. Da kanta za ta miƙo nata hannun. Ranar Asabar kuma ku tafi laburare da jakar, in kun dawo ki rubuto min abin da suka ɗebo, daga nan zan san me zan ƙara miki.